Ranar da Hamissou Bai Gaida Injin Yekuwa Ba

Shekara tara na yi ina riƙe da magazar ƙungiyar manoma a Magarya, wato ɗakin ajiyar hatsinta, kuma shida daga ciki tebur ɗaya ne tsakanina da Hamissou. In na ce na san shi, ba a bakin kasuwa na tsinci labarinsa ba.

Ɗan Magarya ne, ubansa mai ɗinkin mangalar jaki. Ya yi lise, wato sakandare, a Damagaram, ya shiga jami'a shekara ɗaya da ƴan watanni, yajin aiki ya ishe shi, sai ya tattara ya tafi Kano wurin kawunsa mai gyaran ordinatar, wato kwamfuta. Shekara huɗu ya yi can. Ya dawo siriri kamar yadda ya tafi, sai dai ya ƙaro tabarau. Mutum ne da in ka ce masa ina kwana sai ya ɗan yi shiru, kamar yana dubawa ko da gaske ya kwana lafiya, sannan ya amsa. Da farko abin yana ba ni haushi, daga baya na saba.

Aikin ƙungiyarmu ba wani mai wuyar faɗi ba ne. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka muna raba irin hatsi da na wake ga magidanta a Waca, Dogo-Dogo, Yekuwa da ƙauyukan da ke kewaye da su. Kowane gida tiya biyar. A da cikin kaye, littafin rubutu, ake rubuta sunaye, ɓera ya ci rabi, gara ta ci sauran. Da Hamissou ya zo sai ya rubuta mana shiri na ordinatar, abin da suke kira lojisiyel. Sakataren kowane gari ya zuba sunan magidanci, shekarar haihuwarsa da girman gonarsa, shirin ya fitar da lis, wato jerin sunaye, a turo mana Magarya ta tarho, ni kuma in ɗaura buhuna daidai da lis ɗin. Shekarar haihuwa kuwa furojen tallafi da ke ba mu irin ne ya ce lalle sai an sa, ban san me suke dafawa da ita ba.

Inda wahalar take, injinan garuruwan nan, ordinatar nake nufi, ba uwa ɗaya ta haife su ba. Na Waca da na Yekuwa furoje ne ya kawo su rana ɗaya. Na Dogo-Dogo wani ɗan garin ne ya sayo kwance ya ba da kyauta. Ni a ganina inji inji ne, a danna ya kawo haske. Hamissou ya ce ba haka ba ne, ya kuma zauna ya yi mini bayani, domin ya ga kaina ba ya ɗaukar abin da sauri. Ya ce shiri kamar macen da aka kira girkin biki ne a wani gida. Za ta je da hannunta da iyawarta, amma turmi da taɓarya da rariya a can za ta tarar. Waɗannan kayan da shiri ke ara a cikin inji su ake kira librairi. Akwai ta ƙirga kwanaki, akwai ta buga takarda, akwai ta ajiye sunaye. Sunansu ɗaya a kowane inji, amma halinsu ba ɗaya ba ne.

Saboda haka ya rubuta wani ɗan ƙaramin shiri daban, wanda ba ya komai sai tambaya. In ya sa shi a inji, sai ya bi librairi ɗaya bayan ɗaya: kina nan? Ta wace shekara ce ke? In na ba ki kaza, me za ki mayar mini? Mu muka sa masa suna gaisuwa, domin ba ya barin kowa, har da gajiya da iyali sai ya tambaya. A tsohon inji mai aiki da panon hasken rana da batir, gaisuwar nan takan ci awa biyu. Abin da ta faɗa sai ya kwafe cikin wani shuɗin kaye, kowane inji da shafinsa, sannan ya haɗa wa injin nasa shirin daidai da abin da ya tarar.

Gaisuwar nan ce ta tona asirin injin Dogo-Dogo tun shekarar farko. Librairinsa ta ƙirga kwanaki ba ta san akwai wata rana a duniya kafin ɗaya ga Janairun 1970 ba. In ka ba ta 1961 sai ta ce kuskure, shiri kuma ya tsallake sunan ya wuce, ko tari ba zai yi ba. Da ya gaya mini na ce to ni ke nan ba a haife ni ba tukuna, a mayar mini da ƙuruciyata. Bai yi dariya ba. Ya zauna ya rubuta tasa hanyar ƙirga kwanakin, yana ɗora wa duk injin da ke da wannan ciwo. Ba ya ɗora wa na Waca, domin tasa librairin lafiyarta ƙalau, ga shi injin da ƙyar yake jan kansa balle a ƙara masa kaya.

Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya ba inji shiri sai ya gaishe shi, kuma kowace shekara, ko da ya gaishe shi bara. Na taɓa ganin ya tsayar da shugaban ƙungiya a bakin ƙofa da motarsa a kunne, wai gaisuwa ba ta ƙare ba. Ya taɓa zuwa Dogo-Dogo sau biyu cikin mako ɗaya a kan babur, cikin yashin nan mai cin taya, don kawai an canza wa injin batir. Muna ce masa kai ka cika tsanani. Sai ya ce abin da bai gani da idonsa ba, bai sani ba.

Ana nan ya auri Bahijja, ɗiyar Malam Ya'u na Yekuwa.

Malam Ya'u shi ne mai riƙe da mabuɗin magazar Yekuwa, tun kafin a yi ƙungiya, tun tana rumbun gari. Shekara ashirin da shida. Ba shi da komai, in gaya maka gaskiya: jaki ɗaya, gona daidai ci, riga biyu ta zuwa Juma'a. Abin da ya mallaka shi ne maganar da ake yi a kansa, cewa ƙwayar hatsi ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Mata sukan kawo masa ajiya su tafi ba tare da shaida ba. In an yi gardamar awo a kasuwa, a ce a kira Malam Ya'u. Da wannan sunan yake tafiya, da shi ya aurar da ɗiyansa, kuma ba shi da wani abin da zai bar musu bayansa.

Bara, cikin watan Afrilu, Hamissou ya sabunta shirin, ya fita zagayen gaisuwa yadda ya saba. Ya yi Waca, ya yi Dogo-Dogo, ya isa Yekuwa da hantsi. Abin da ya faru can shi ya faɗa mini da bakinsa, ba ƙari.

Injin Yekuwa a cikin magaza yake, a kan wani dogon tebur, da kujera ɗaya a gabansa. Shekarun baya, kafin auren, Hamissou yakan shiga ya zauna ya yi aikinsa, Malam Ya'u yana gefe suna hira. Shekarar farko bayan auren ya yi sa'a, ya tarar tsohon ya tafi ta'aziyya. Wannan karon kuwa yana nan, zaune a tabarma a gindin teburin, yana ɗinke bakin buhu. Hamissou ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai ya gaida surukinsa. Aka gama gaisuwa.

To ka ga inda aka tsaya. In zai yi aikinsa, sai ya wuce ta gaban uban matarsa, ya hau kujera, ya zauna awa biyu kansa sama da na tsohon, ƙafafunsa kusa da kafaɗarsa. Wane ɗan mutunci ne zai yi haka a ƙasar nan? In kuma ya ce masa ya ɗan fita, wannan ta fi muni. Ya tsuguna yana zufa, yana jiran ko Allah zai kawo wani ya kira tsohon. Ba wanda ya zo sai Mushe Saminu, tsohon malamin lakol da ke buga musu sunaye (Mushe muke ce wa malamin makarantar boko).

Malam Ya'u ya ga yaron ya takura, kuma shi ma kunyar yake ji, don suruki ba a gefe ɗaya yake jin nauyi ba. Sai ya nemi ya sauƙaƙa masa. Ba tare da ya dube shi ba ya ce, "Ai kada ka wahalar da kanka. Wannan da na Waca iri ɗaya ne, rana ɗaya aka kawo su. Ba Mushe abin ya sa."

Hamissou ya san wani abu. Bahijja ta taɓa faɗa masa a hira cewa da kaka injin Baba ya ƙi tashi, an kai shi Maigatari ran kasuwa an gyaro. Tambaya ɗaya ce a bakinsa: me mai gyaran ya yi masa? Amma dattijo ya riga ya ce iri ɗaya ne, a gaban Mushe. In ya sake tambaya, ya ƙaryata shi ke nan. Ya ce to, Baba. Ya zuba shirin Waca a cikin kile, ɗan abin nan da ake ɗaukar aiki a ciki, ya miƙa wa Mushe Saminu, ya yi sallama, ya ja babur ɗinsa har ya fita layin kafin ya tayar. A shuɗin kayensa, shafin Yekuwa na wannan shekara, ya rubuta "kamar Waca".

Malam Ya'u bai yi ƙarya ba. Akwatin ɗaya ne, launin ɗaya, ranar ɗaya. Mai gyaran Maigatari ma bai yi laifi ba: ya tarar da inji a mace, ya wanke cikinsa tas, ya zuba masa irin tsarin da yake da shi a shago, inji ya tashi. Sai dai tsarin nan irin na Dogo-Dogo ne, da librairinsa mai ciwon shekaru.

Mushe Saminu ya buga gidaje ɗari biyu da goma sha biyu, ɗaya bayan ɗaya. Shirin ya karɓa bai ce uffan ba. Da ya fitar da lis aka turo Magarya, suna ɗari da talatin da takwas ne a ciki. Nan kuma nawa laifin ya shigo, ba zan ɓoye ba. Na ga lis ɗin ya fi na bara gajarta, na ce a raina mutanen Yekuwa sun yi yawa a cirani bana. Hamissou yana zaune taku biyu daga inda nake, ban buɗe baki ba. Na auna, na ɗaura, na sallami amalanke. Sauran irin kuma aka rarraba wa wasu garuruwa, magaza ta koma fayau.

Ruwan shuka ya sauka ranar wata Talata, Laraba aka yi rabo a Yekuwa. Malam Ya'u ya buɗe magaza, Mushe yana kiran suna, ana aunawa. Samari masu sabon aure suka karɓa suka wuce gona. Tsofaffi suna zaune a inuwa, ba su damu ba, suna cewa ai babba ba ya rige-rige. Aka kira suna na ƙarshe, aka kakkaɓe buhu na ƙarshe. Mutum saba'in da huɗu suna zaune, kowa da ƙwaryarsa ko tsohon buhunsa a hannu, kuma duk masu furfura. A cikinsu akwai wata Fadi, mijinta ya rasu, jikoki biyar take ci da su, ta riga ta ci irin da ta ajiye tun da bazara don ta san na ƙungiya yana tafe.

Wani Nassirou, mai sayen hatsi a kasuwanni, shi ya fara faɗin abin a fili. Ya ce sunaye ba sa tafiya da ƙafarsu. An zaɓi tsofaffi ne don ba su iya karatu ba, ba kuma za su iya zuwa Magarya su yi ƙara ba, buhunansu kuwa a tambayi mai mabuɗi. Wani ya ce ai sunan Malam Ya'u ma babu a lis ɗin, shi da takardarsa ta ce wajajen 1952. Nassirou ya ce wanda mabuɗi ke aljihunsa me zai yi da suna a takarda? Kafin la'asar maganar ta gama gari. Kafin Juma'a wata mata ta je ta karɓi ajiyarta.

Da labari ya iso biro, ofishinmu na Magarya, Hamissou bai tambayi komai ba sai abu ɗaya, wai waɗanda aka tsallake ɗin tsofaffi ne? Aka ce duka. Ya cire tabarau ya ajiye a tebur. Wallahi na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, na ji haushin kaina fiye da nasa. Washegari da sassafe ya ɗauke ni a bayan babur muka tafi.

Mun tarar da Malam Ya'u a tsaye a wajen magaza, mabuɗi a hannu. Ya buɗe mana ya koma gefe, bai shiga ba. Hamissou ya hau kujerar nan ya sa gaisuwa. Ba ta kai minti goma ba ta iso kan librairin kwanaki, ta ba ta 1961, ta mayar da kuskure.

Aka fito da tebur da inji da batir ƙofar mai gari, jama'a suka taru. Hamissou, wanda ba ya iya haɗa jimla uku a gaban mutane, ya tsaya ya yi bayani daki-daki. Ya ce a ba shi sunan kowa. Aka ce Fadi. Ya buga sunanta da 1958, ya fitar da lis, babu ita. Ya mayar da shekarar 1978, ya sake fitarwa, ga ta nan. Ya yi haka da mutum shida, Mushe Saminu yana karantawa da ƙarfi. Ya nuna musu duk sunaye ɗari biyu da goma sha biyun suna kwance a cikin injin, ba wanda ya goge ko ɗaya. Ni ma na tashi na rantse cewa buhunan gida ɗari da talatin da takwas na ɗaura, su kuma aka raba, babu tiya ɗaya da ta bi wata hanya. Sannan Hamissou ya ce aikinsa ne ya duba injin kafin ya ba shi shiri, bai duba ba, laifin nasa ne shi kaɗai.

Mai gari ya tambaye shi me ya hana shi dubawa, shi da aka sani da tsanani. Na ga Mushe Saminu ya motsa baki zai yi magana, Hamissou ya riga shi. Ya ce sauri yake yi, rana ta yi zafi. Bai ambaci tabarma ba, bai ambaci Waca ba.

Na ɗauka magana ta ƙare. Wasu ma har sun fara gyaɗa kai. Sai Nassirou ya gyara tsayuwa, bai ɗaga murya ba, ya ce yana da tambaya ɗaya kawai.

"Wannan malamin da ya zo ya wanke Malam Ya'u, wa yake aure?"

Kowa ya san amsar. Ya ce inji dai abin da mai shi ya koya masa yake faɗi, mai shi kuma ga shi nan, suruki. Wanda ya iya sa suna ya ɓace ya dawo a gaban jama'a, me zai gagare shi a ɗaki? Ni kuwa, in ji shi, abokin teburinsa ne. Na so in ba shi amsa mai zafi, to me zan ce? Duk abin da ya lissafa haka yake, ƙarshen ne kawai ƙarya.

Dattawa suka koma zaure suka daɗe. Da suka fito mai gari ya yi magana a hankali, da girmamawa. Ya ce ba wanda ya ce Malam Ya'u ya ci komai, Allah ya kiyaye. Amma zukata sun riga sun tashi, shekaru kuma sun ja, gara ya huta, a ba Mushe Saminu mabuɗi kafin a ga yadda za a yi. Da a ce sun kira shi ɓarawo, da ya sami abin musawa. Malam Ya'u ya kwance mabuɗin daga igiyar da ke wuyansa, ƙullin ya ƙi kwantuwa sai da ya sa haƙori, ya miƙa da hannu biyu.

Irin tsofaffin kuwa mun yi ta roƙo a Waca da Dogo-Dogo, muka harhaɗa tiya bibbiyu, ya isa Yekuwa kwana goma sha ɗaya bayan ruwan farko. Wasu sun shuka, wasu sun riga sun nemo wurin dangi. Hamissou ya gyara injin a ranar taron, aikin bai fi rabin awa ba.

Da za mu tafi ranar, ya je yi wa surukinsa sallama. Ina tsaye daga nesa riƙe da babur, amma ina ji. Tsohon yana zaune a ƙofar gidansa, Hamissou ya cire takalmi ya tsuguna. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, tsohon ya riga shi. Malam Ya'u ya tambayi lafiyar Bahijja, ya ce a gaishe ta. Sannan, yana kallon ƙasa, ya ce:

"Da ka ce mini in tashi, ai da na tashi."

Hamissou ya tashi ya sa takalminsa, muka hau babur muka koma Magarya.

Har yanzu yana nan a teburinsa, ya ƙara shiru a kan na da. Bana ya gaida injin Yekuwa awa biyu cur, Mushe Saminu yana tsaye a kansa, kuma mabuɗin yana wurin Mushen har yau, ba a sake tayar da zancen ba. Lis ya zo da gidaje ɗari biyu da goma sha biyar. Na bi shi da yatsa suna bayan suna, na ga na Malam Ya'u, na auna masa tiya biyar da hannuna, na ɗaure a buhu daban na rubuta sunansa a jiki. Bayan kwana uku amalanke ya dawo da buhun, ba a kwance shi ba. Mai amalanken ya ce tsohon ya ce a gode, yana da nasa irin.